Kafin a jona wa mara lafiya waya, a yi masa bayani da harshensa

Mahaifiyata, wadda duk gidanmu muke kira Mma, ta fi shekara ashirin tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi a Nima. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai koko da sassafe ya san aikin da babban yatsa yake yi a wannan sana'a. A ɗebo da ludayi, a zuba a roba, a murɗe bakinta, a ƙulle, a miƙa, a karɓi kuɗi, a ba da canji. Kafin ƙarfe tara na safe an yi haka sau ɗari ko fiye. Da wannan yatsan aka biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare har na gama kwalejin horar da malamai, saboda haka in na ɗan yi zafi a rubutun nan, mai karatu ya yi mini uzuri.

Shekara biyu da suka wuce muka lura tana tashi cikin dare tana yarfa hannun dama kamar mai kakkaɓe ruwa. In ka tambaya sai ta ce, "Ba komai, kwanciya na yi a kansa." Daga baya kuɗin ƙarfe suka fara suɓuce mata. Ranar da hankalina ya tashi, bayan sallar magariba ne, na ga tana jan carbi tana kallonsa. Na ce, "Mma, lafiya?" Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Malam, ba na jin 'ya'yan carbin nan a yatsuna, sai na duba."

Tana da ciwon suga tun da daɗewa. Likitan da ke duba ta ya ce alamun sun yi kama da matsewar jijiya a wuyan hannu, amma tunda suga ma yana taɓa jijiyoyi, yana son a yi gwaji kafin a yanke shawara. Ya rubuta mana takarda. Abin da na iya karantawa a jikinta haruffa ne shida, NCS da EMG, wato gwajin jijiya da gwajin tsoka.

Mun je a watan Janairu, sanyi na kaɗawa. Kafin mu fito Mma ta shafa man kaɗe a hannu da ƙafa, kamar yadda kowace tsohuwa ke yi a wannan lokaci. Muka hau trotro bayan asuba, muka biya kuɗin da ya kusa kai kashi ɗaya cikin uku na albashina, muka zauna kusan awa uku a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. A nan ne ta matso kusa da ni ta ce, "To me za su yi mini ne?" Ni kuma, malamin kimiyya guda, na ɗan leƙa waya na ce, "Lantarki za su ɗan sa miki a hannu, sannan su sa allura." Wannan laifina ne, kuma ban daina jin nauyinsa ba. A wurin Mma lantarki shi ne wayar da ke faɗowa da damina ta kashe mutum. Ban ga yadda fuskarta ta canja ba, domin na koma kan wayata.

Da aka kira ta, aka ce in jira a waje. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba na hango wani saurayi gaban na'ura, da wasu biyu a tsaye masu kama da ɗalibai. Ya yi mata nuni ta naɗe hannun riga, ya goge mata hannu da auduga yana guna-guni a kan man da ta shafa. Jim kaɗan na ji, "Innalillahi!" Sai murya ta biyo baya da yaren Twi, wai ta zauna tsit, babu zafi, yara ma suna yi. Mma ta iya Twi na kasuwa, ta ji shi sarai. Ba a yi minti goma ba ta fito, hijabinta a karkace, ta ce, "Mu tafi." Ba a gama gwajin farko ba, na allurar ko farawa ba a yi ba.

A mota ba ta ce uffan ba. Sai da muka isa gida ta faɗi maganar da ta sa nake wannan rubutu yau. Ta ce, "Ya ce babu zafi, kuma akwai zafi. Wanda ya yi mini ƙarya a kan wannan, yaya zan ba shi hannuna ya soka allura?"

Wata bakwai muka yi muna lallashinta. A tsakanin nan babu man zafin da ba a shafa ba, babu maganin masu talla a mota da ba a sha ba. Muna gani naman da ke gindin babban yatsanta ya fara lotsawa.

Ra'ayina shi ne, a wannan gwaji kwanciyar hankalin mara lafiya wani yanki ne na aikin kansa. Mu mun ɗauke shi alfarma, in ka yi sa'ar ma'aikaci mai kirki ka samu, in ba ka yi ba ka haƙura. Amma wanda ya fahimci yadda na'urar ke aiki zai gane cewa hannu mai sanyi da jiki mai ɗari-ɗari suna iya ɓata sakamakon da aka biya kuɗi domin a samu. Bari in yi bayani kamar yadda ya kamata in yi wa Mma tun ranar.

A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da abu fiye da ɗaya. Akwai jijiyar jini, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ta ukun nan ake gwadawa. Saƙon da take ɗauka ɗan ƙaramin lantarki ne da jiki ke yi da kansa, kuma yana da gudu da ake iya aunawa. Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, shi ya fara auna wannan gudu a shekarar 1850, a jijiyar kwaɗo, ya samu kusan mita 30 a daƙiƙa ɗaya. A hannun mutum mai lafiya gudun ya kan wuce mita 50 a daƙiƙa, a ƙafa kuma ya kan wuce 40. Idan jijiya ta matse a wani wuri, ko ciwon suga ya cinye ta, saƙon sai ya yi jinkiri ko ya yi rauni.

To a gwaji na farko, ana manna wasu 'yan faifai a fata, a ɗora wani ɗan ƙarfe mai kai biyu a kan hanyar jijiyar, a aika ɗan bugun lantarki, na'ura ta auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya isa. Kowane bugu ba ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ana farawa da kaɗan, ana ƙarawa har jijiyar ta amsa gaba ɗaya, wato ba sau ɗaya ake yi ba, kuma na baya ya fi na farko ƙarfi. Abin da mutum ke ji ya yi kama da a ja roba a sake maka a fata, ko ka buge gwiwar hannu a bakin ƙofa. Yatsu kuma suna motsi da kansu ba da izininka ba. Wanda aka faɗa wa haka tun farko zai daure. Wanda ba a faɗa wa ba, ya ji wuta ta ja shi, ya ga yatsunsa suna rawa, ya ji na gaba ya fi na baya, me kake so ya yi tunani?

Gwaji na biyu shi ne na allura, kuma shi mutane suka fi tsoro saboda rashin sani. Allurar siririya ce, ba ta kai kaurin wadda ake ɗibar jini da ita ba. Ba a zuba magani ta cikinta, ba a sa lantarki ta cikinta. Aikinta sauraro. Irin wannan allura tun 1929 wasu masana biyu, Adrian da Bronk, suka ƙirƙiro ta. Ana sa ta cikin tsoka, na'ura ta mayar da abin da ta jiyo ya zama zane a allo da kuma sauti a lasifika. Tsoka mai lafiya, in tana hutawa, shiru take yi. Wadda jijiyarta ta lalace tana fitar da wani ɗan sauti ko da mutum bai motsa ba, kamar yayyafi a kan kwano. Wannan ɗan sautin likita ke nema. Daga nan sai ya ce ka ɗan motsa yatsa a hankali, ya saurari yadda tsokar ke amsawa. Shi ya sa ba a sa mutum barci a wannan gwaji, domin ana bukatar haɗin kansa daga farko har ƙarshe.

Yanzu a duba. Mutumin da ya tsorata ba ya iya sakin jiki. Tsokar da aka ɗaure da tsoro ba ta yin shiru, ƙararta sai ta rufe ɗan sautin da ake nema. Likita sai ya ƙara lokaci, ya ƙara motsa allura, zafi ya ƙaru, tsoro ya ƙaru. A ƙarshe ko a sami sakamako mai shakka, ko mara lafiya ya ce a bari.

Haka batun sanyi. Jijiya mai sanyi tana rage gudu, kusan mita 2 a daƙiƙa ga kowane digiri ɗaya da zafin fata ya sauka. Saboda haka ƙa'idar aikin ita ce a tabbatar hannu ya kai wajen digiri 32 a ma'aunin Salsiyos kafin a fara, in bai kai ba a ɗumama shi. Hannun lafiyayye in ya yi sanyi yana iya nuna kamar mai ciwo. Tsohuwar da ta fito da asuba cikin hunturu, ta zauna awa uku a ɗaki mai sanyi, ruwan ɗumi a baho ba gata ba ne a gare ta, sharaɗin aikin ne. Shi kuma man shafawa yana hana faifan nan mannewa da kyau, ya kawo hayaniya a na'ura. Wannan gaskiya ne, saurayin nan bai yi ƙarya ba da ya yi ƙorafi. Amma wa ya faɗa mata? Layi ɗaya a bayan takardar, ko kalma ɗaya ranar da muka je karɓar rana, da ya wadatar.

Akwai kuma batun sutura, wanda ya shafe mu kai tsaye. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna Musulmi su ne kashi 19.9 cikin ɗari na mutanen Gana, kusan mutum ɗaya cikin biyar. Gwajin tsoka, dangane da ciwon, yana iya kai wa ga damtse, kafaɗa, wuya, gadon baya ko cinya. Macen da ta shekara arba'in ba ta fita ko ƙofar gida ba mayafi, in ka ce ta buɗe gaban maza uku da ƙofa a buɗe, jikinta ya riga ya ɗaure kafin ka taɓa na'ura. Ni ba na cikin masu cewa dole sai mace ta duba mace a kowane hali. Masu wannan aiki ƙalilan ne, kuma malamanmu sun san hukuncin lalura. Abin da ake nema bai kai haka tsada ba: a rufe ƙofa, a ja labule, a ba ta zane ta rufe inda ba a aiki a kai, a bar 'yarta ko wata nas ta tsaya, in kuma akwai ɗalibai a nemi izininta.

Waɗannan ma ba roƙo ba ne. Ƙasar nan tana da Kundin Haƙƙin Mara Lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Gana ta fitar, aka kuma shigar da shi cikin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, doka mai lamba 851. Kundin ya ba mara lafiya haƙƙin a yi masa cikakken bayani kan ciwonsa da abin da za a yi masa, da haƙƙin a suturta shi lokacin dubawa, da haƙƙin sanin waɗanda ke kansa, kuma ya ce a nemi yardarsa kafin a yi koyarwa da shi. Ya kuma bukaci asibitoci su kula da al'ada da addinin mutum da shekarunsa. A wasu asibitoci za ka gan shi manne a bango, da Turanci. Mma ta sha zama a ƙarƙashin irin wannan takarda ba ta san tata ce ba.

Na san abin da ma'aikatan lafiya za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Likitocin jijiya a ƙasar nan ba su da yawa, na'urorin ma haka, layi kuma dogo. Wanda ke da mutum ashirin a waje yana ganin minti biyar na bayani asara ce. Ina jin wannan a jikina, domin ina da yara 54 a aji ɗaya a JHS, kuma ni ma akwai ranar da nake tsallake gabatarwa in faɗa cikin darasi don in cim ma manhaja. Abin da ke faruwa kullum shi ne in dawo in sake darasin a mako na gaba. A kwaleji abu na farko da aka cusa mana shi ne a ɗauki yaro daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba. Dattijuwa a ɗakin gwaji ba ta bambanta da haka ba. A ranar da Mma ta fita, an yi asarar lokacin na'ura, an yi asarar lokacin ma'aikaci, wani da ke layi ya rasa wannan gurbin, mu mun yi asarar kuɗi, likitan da ya aiko mu bai samu amsa ba. Duk don a tsira da minti biyar.

Za a kuma ce harsunan Gana suna da yawa, ba za a ajiye tafinta ga kowane ba. Gaskiya ne. Amma mafi yawan tsofaffinmu ba su zuwa su kaɗai, tafintan yana zaune a benci an ce ya jira a waje. A bar shi ya shigo, a faɗa masa abin da zai faɗa, jimla bayan jimla, kada a bar shi da abin da ya tsinta a waya kamar yadda na yi. Ban da haka, yau kowa na da WhatsApp. Bayanin murya na minti uku da Hausa, da Twi, da Ga, da Ewe, da Dagbani, a naɗa sau ɗaya, a tura wa mutum ranar da aka ba shi rana, nawa zai ci? 'Ya'yan zango nawa ne yanzu suke aikin nas a Ankara da Kumasi da Tamale? Cikinsu ba za a rasa mai karanta wannan da murya mai daɗi ba.

Wasu kuma za su ce, haba, ɗan wannan zafin? Matar da ta haifi bakwai? Ai nan ne kuskuren yake. Mma ta fi ni dauriya nesa ba kusa ba, na sha ganin mai ya fantsamo mata daga kasko ta goge ta ci gaba. Abin da ya kore ta shi ne bazata, da kuma kalmar "babu zafi". Wannan kalma ce da ya kamata a hana faɗinta a ɗakin gwajin nan. Akwai zafi, ba mai yawa ba, kuma yana wucewa nan take. Bayan allurar wurin yana iya yin tsami kwana ɗaya ko biyu. A faɗi haka. Babba in ka gaya masa gaskiya zai shirya mata, in ka ɓoye masa kuma ya gano, ya daina yarda da sauran maganarka, har da wadda take gaskiya.

Mu ma mutanen zango muna da namu kason, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna da kunyar tambaya. Mun ɗauka tambayar likita rashin ladabi ne, sai mu ce "to" a ciki, mu fito mu yi ta surutu a waje. Labarin Mma kafin ya zagaya layinmu ya dawo, ya zama wai ana jona mutum da mitar wuta. Wani dattijo da muke sallah tare, mai ciwon suga, wanda ƙafafunsa ke masa zafi kamar barkono da dare, an rubuta masa irin wannan gwaji ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce shi ba za a gasa shi da ransa ba. Alhali masana sun ce kusan rabin masu ciwon suga jijiyoyinsu kan taɓu a tsawon rayuwa, kuma mu shaida ne yadda sugan ya yawaita a gidajenmu. Sannan mu 'yan boko, da muke ganin mun waye, mu ne muke tura uwa asibiti da yaro ɗan firamare ya yi mata tafinta, ko mu raka ta amma hankalinmu na kan waya.

A watan Agusta ƙanwata ta shawo kanta, muka je wani wurin daban. Likitan da muka samu dattijo ne, ba Bahaushe ba, ba Musulmi ba, ko "sannu" bai iya ba. Ya ce mu shigo mu uku, ya rufe ƙofa da kansa. Ya taɓa hannunta ya ce ya yi sanyi, ya sa aka kawo ruwan ɗumi ta tsoma. Tana cikin haka yana bayani ina fassarawa, in na yi tsalle ya ce in koma, domin ya lura maganarsa ta fi tawa tsawo. Sai ya ɗauki ɗan ƙarfen nan ya ɗora a wuyan hannunsa, ya danna. Babban yatsansa ya yi tsalle. Mma ta yi dariya, dariyar farko da na ji ta yi a kan wannan magana cikin wata bakwai.

Ya ce mata zai yi zafi kaɗan, kuma zai riƙa ƙaruwa, amma ba zai taɓa dannawa ba sai ya ƙirga. Ya tambaye ni yadda ake ƙirge da Hausa, ya riƙa cewa "daya, biyu, uku" da irin nasa bakin. Ya ce in ta ɗaga hannun hagu zai tsaya. Sau ɗaya ta ɗaga, ya tsaya, ta yi salati, ta ce a ci gaba. Da aka zo kan allura ya nuna mata ita a cikin ledarta, ya ɓare a gabanta, ya ce sabuwa ce kuma daga ita sai kwandon shara. Ta tambaya ko alwalarta za ta karye in jini ya fito, na ce mata a mazhabarmu ta Malikiyya fitar jini ba ta karya alwala, ɗigon ma da ƙyar aka gan shi. Na fita na bar ta da ƙanwata lokacin da za a duba damtse. Daga waje ina jin lasifika tana ƙara, ina jin Mma tana cewa, "Wai naman nawa ne ke wannan surutu?" Minti arba'in aka gama komai.

Sakamako ya nuna jijiyar da ke bi ta tsakiyar wuyan hannu ta matse ƙwarai a dama, kaɗan a hagu. Ita ce mai kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami, ita ce kuma mai ciyar da naman gindin babban yatsa. Aka yi mata ƙaramin aiki aka saki wurin. Tashin dare ya wuce, alhamdu lillahi, tana jin carbinta yanzu. Amma naman da ya lotsa bai dawo duka ba, kuma likita ya gaya mana tun kafin aikin cewa tsokar da ta daɗe ba ta samun saƙo ba lallai ta koma yadda take ba. Yau Mma tana ɗiba da ludayi, jikarta ce ke ƙulla roba kafin ta tafi makaranta. Allah ne ya san abin da zai faru da an gama gwajin tun Janairu. Abin da na sani shi ne na'urar wuri na farko da ta wuri na biyu aiki ɗaya suke yi.

Ga wanda aka rubuta wa wannan gwaji, ko zai raka iyayensa, ga abin da na koya da tsada. A yi wanka, amma kada a shafa mai ko basilin a hannu da ƙafa ranar. A ci abinci kamar kullum, ba a zuwa da yunwa, musamman mai suga. A sa tufafi masu faɗi da za a iya naɗewa, mata su riƙe ƙarin zane. In ana sanyi a rufe hannu a hanya. A gaya wa likita tun kafin a fara in ana shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko an dasa wa mutum na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ko yana da ciwon da jininsa ba ya tsayawa da wuri. A tafi da duk magungunan da ake sha a nuna. A ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kuma a buɗe baki a yi tambaya: me za a yi, ina za a taɓa, su wane ne waɗannan da ke tsaye, zan iya cewa a dakata? Matambayi ba ya ɓata, kuma doka tana bayanka.

Ga masu wuraren gwaji kuwa, na gwamnati da masu zaman kansu, roƙona bai wuce abin da dattijon nan ya yi ba, kuma bai sayi komai ba sai ruwan ɗumi. A rubuta shi ya zama ƙa'ida, a koya wa ɗalibai tare da yadda ake manna faifai, don kada ya zama sai wanda ya yi sa'a. Shugabannin zango da limamai da masu shirye-shiryen Hausa a rediyo su ma su gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa jama'a wannan bayani, tun kafin takarda ta zo hannu.

Dattijon masallacinmu har yanzu takardarsa na aljihu. Makon jiya Mma ta aika masa da koko, ta ce in gaya masa ta ce ya je, akwai zafi amma bai kai cizon kunama ba, kuma in ya shiga ya ce a ƙirga masa kafin a danna. Ya ce zai yi tunani. Na yi masa alkawarin ranar da ya shirya zan nemi izini a makaranta in raka shi, wayata kuma za ta zauna a aljihu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.